LAFIYA UWAR JIKI: Ƙyanda Daga Baki Take Fara Sallama

Daga tsakiyar hunturu zuwa ƙarshen bazara, watau daga watan Janairu har zuwa Afrilu ko Mayu, shi ne lokacin da ƙyanda ta fi yawo a garuruwa da ƙauyukan arewacin Nijeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar. A wurare da dama baƙon dauro ake ce da ita. Duk uwar da ta reni yara biyu ko uku ta san kamanninta in ƙuraje sun feso a fuska sun gangara ƙirji, domin a wannan rana ba sai an jira likita ya faɗi sunan ciwon ba, tsofaffin gida ma sun isa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ranar da ƙurajen suka bayyana cutar ta riga ta yi kwana uku ko huɗu tana aikinta, ta kuma riga ta tsallaka zuwa ga 'yan'uwan yaron da abokan wasansa. A cikin waɗannan kwanaki ne akan ce mura ce, ko zazzaɓin sauro, ko kuwa haƙori ne zai fito, a goya yaron a tafi da shi gidan suna ko kasuwa. Alhali kuwa baƙon ya riga ya yi sallama, sai dai a wurin da ba a cika dubawa ba, watau cikin bakin yaron.

Ga yadda al'amarin yake tafiya. Yaro yakan shaƙi ƙwayar cutar daga numfashin wani mai ɗauke da ita, ya yi kwana 10 zuwa 12 yana wasansa garau, ba abin da ya nuna. Sa'an nan zazzaɓi ya sauko, kullum yana ƙaruwa, har yakan kai 40 a ma'aunin zafin jiki. Tare da shi akwai abubuwa uku da ba su cika rabuwa da juna ba, su ne busasshen tari, da majina mai zuba kamar ruwa, da jajayen idanu masu hawaye, har a ga yaron yana kau da kai daga haske yana cusa fuska a jikin uwarsa. To, kwana biyu ko uku da farawar wannan zazzaɓi, kafin ƙuraje su fito a fata da kwana ɗaya ko biyu, sai wasu 'yan ɗige-ɗige su bayyana a cikin kunci. Likitoci suna kiransu ɗigon Koplik, kuma in aka gan su a bakin yaro mai zazzaɓi da tari da jan ido, da wuya ciwon ya zama wani abu ba ƙyanda ba.

Kamanninsu ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙanana ne ƙwarai, wanda bai san abin da yake nema ba sai ya duba ya ce bai ga kome ba. Kowane ɗaya bai fi kan allura girma ba. Launinsu fari ne mai sirkin shuɗi-shuɗi ko toka-toka, kowanne kuma yana zaune a tsakiyar wani ɗan ja, kamar an barbaɗa gishiri a kan jan ƙyalle. Mazauninsu shi ne fatar cikin kunci, daura da matauna, watau turamen haƙoran nan na can ciki. Ga jinjirin da bai yi matauna ba tukuna, sai a duba inda za su fito, can ƙurya wajen da kunci ya haɗu da dasashi. Da farko ana iya samun uku ko biyar kawai, kafin gari ya waye sun yi yawa har ba su ƙirguwa, wani lokaci su bazu zuwa cikin leɓen ƙasa. Ba su daɗewa. Da zarar ƙurajen fata sun kankama, cikin kwana ɗaya ko biyu sai su shuɗe, shi ya sa uwar da ba ta duba ba sai bayan jiki ya cika da ƙuraje ba za ta same su ba.

Duba su kuwa yana da ƙa'ida. Hasken rana ake so, a bakin ƙofa ko a tsakar gida, domin jan hasken fitilar ƙwai yakan ɓoye su. In dare ne a yi amfani da tocila mai farin haske, ko ta wayar hannu. Mai dubawa ta wanke hannu da sabulu, wani ya rungume yaron a cinya ya tallafe masa kai, sa'an nan a sa mariƙin cokali mai tsabta a ɗan janye kuncin waje a hankali. Ba harshe za a danne ba, ba kuma maƙogwaro ake leƙe ba. Gefe ake dubawa, dama da hagu. Ya kyautu mai yin wannan aiki ta kasance wadda ta taɓa yin ƙyanda ko aka yi mata allurarta, kada kuma a sa mai juna biyu wadda ba a tabbatar da nata matsayin ba, domin ƙyanda tana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci.

Akwai fararen abubuwa da dama da akan gani a bakin yaro waɗanda ba su ba ne. Guntun nono da ya daskare a kunci yakan fita in an shafa da tsumma mai laushi, ɗigon ƙyanda kuwa ba ya gogewa. Farin nan mai kauri da ke lulluɓe harshe da ganɗar jarirai kamar kindirmo shimfiɗa yake yi, yana kuma yin makonni, in an kankare shi ya bar ja a ƙasa. Gyambon baki na yau da kullum ya fi su girma, yana da rami da zafi, galibi ɗaya ne ko biyu. Haka kuma rashin ganin ɗigon ba ya wanke yaro daga zargi, saboda ba a kowane mai ƙyanda ake dace da ganinsu ba. Yaron da ke da zazzaɓi da tari da jan ido a lokacin da cutar ke unguwa, a ɗauka ita ce har sai ma'aikacin lafiya ya ce ba ita ba ce.

Sunan da ɗigon ya ci na wani likitan yara ne na Amurka, Henry Koplik, wanda ya bayyana su dalla-dalla a shekarar 1896, ko da yake wasu likitocin Rasha, irin su Filatov, sun riga sun lura da su. Damuwar Koplik ita ce yadda za a gane cutar da wuri a ware mai ita kafin ta game ɗakin yara, shi ma kuwa ya nanata cewa da hasken rana mai ƙarfi ake ganinsu. Tun kafin su da kusan shekara dubu, babban likitan nan na Bagadaza, Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta littafi guda a kan bambancin agana da ƙyanda, a zamanin da ake haɗa su a matsayin ciwo ɗaya. Agana dai an ga bayanta a duniya, an tabbatar da haka a 1980. 'Yar'uwar tafiyarta kuwa tana nan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.3 ne suka kamu da ƙyanda, ta kashe kimanin 107,500, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin sanin ciwo da kwana biyu tun da ba a da maganin da zai tsai da shi? Amfanin yana da yawa, na farko kuwa na sauran yaran gidan ne. Mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu, kuma lokacin tari da atishawar nan na farko shi ne ya fi zuba ta. Ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har sa'a biyu bayan maras lafiyar ya fita. Cikin mutum 10 da ba su da kariya, in suka zauna tare da mai ita, 9 za su kamu. Babu wata cuta ta yara da ta fi ta saurin kamu. Saboda haka uwar da ta ga ɗigon nan ran Talata ta fasa zuwa bikin ran Laraba, ta hana yaron zuwa makarantar allo ko ta boko, ta raba masa shimfiɗa da ƙaninsa, ta yi wa unguwa aikin da babu allurar da za ta yi shi bayan an makara. Har ila yau, yaron gidan da ba a yi masa rigakafi ba, in aka kai shi aka yi masa cikin kwana uku da haɗuwarsa da mai cutar, allurar tana iya hana ta kama shi ko ta sassauta masa ita. Kwana uku ba su da yawa. In aka jira fitowar ƙuraje sun riga sun wuce.

In za a kai yaron asibiti, kuma lalle a kai shi, to a faɗa wa ma'aikata tun daga ƙofa abin da ake zato, don kada a zaunar da shi a benci ɗaya da jarirai masu jiran awo. Ƙyanda tana cikin cututtukan da wajibi ne asibiti ya sanar da hukuma, akan kuma ɗebi jini a aika don a tabbatar. Wannan sanarwa ita ke sa a turo masu rigakafi zuwa unguwar.

Ƙurajen kansu ba su bukatar dogon bayani. Daga bayan kunne da gindin gashin goshi suke farawa, su rufe fuska da wuya, cikin kwana uku su kai hannuwa da ƙafafu. A baƙar fata ba su cika nuna ja ba, sun fi bayyana ga tafin hannu in an shafa a ji kaushi-kaushi. Bayan kwana biyar ko shida sai su dushe bi da bi kamar yadda suka zo, fatar ta yi duhu ta riƙa saɓa kamar dusa. Ƙuraje ba su kashe yaro. Abin da ke kashewa shi ne ciwon huhu, da gudawa, da yunwar da ciwon yake jefa shi a ciki, wannan ta ƙarshe kuwa daga baki take farawa.

Wanda ya fi kowa bayyana wa duniya wannan shi ne Dokta David Morley, wani likitan yara ɗan Ingila da ya yi aiki a asibitin mishan na Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, a Jihar Osun ta yanzu, daga 1956 zuwa 1961. A ƙasarsa an ɗauki ƙyanda ciwon da yaro zai yi mako guda a kwance ya tashi. Da ya zo nan sai ya tarar da wata aba daban: tana kama yara tun suna ƙanana ƙwarai, ƙurajen su yi duhu, fata ta saɓe, baki ya yi miki har yaro ya ƙi nono. Da yake yana auna yaran ƙauyen a kai a kai, ya ga da yawansu suna zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsu a ciwo guda, su yi makonni ba su mai da shi ba, wasu kuwa daga nan su zarce cikin tamowa. Katin awon nan da ake bai wa uwaye a asibitoci, mai layi yana hawa kamar hanya, daga aikin Morley a wannan ƙauye ya samo asali. A nan ne kuma aka yi wasu daga cikin gwaje-gwajen farko na allurar ƙyanda a Afirka, a farkon shekarun 1960.

Darasin Imesi-Ile shi ne cewa jinyar ƙyanda rabinta ciyarwa ce. Yaro yana jin yunwa amma baki ba ya karɓa, ga hanci a toshe, ga zazzaɓi yana cin jiki, wataƙila ga gudawa. Uwa takan gwada sau ɗaya, sau biyu, ya kau da kai, ta ce a bar shi sai ya ji sauƙi. A nan ne ake yin asara. Mai shan nono a ci gaba da ba shi, fiye da yadda aka saba, dare da rana. In zafin baki ya hana shi kamawa, a tatsa a ƙoƙo mai tsabta a ba shi da cokali, wannan kuma zai hana nonon uwar ƙafewa. Wanda ya fara cin abinci a ba shi mai laushi kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a yini: kunun gyaɗa, koko da madara, faten wake da manja, alala, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, ayaba, gwanda, romon nama ko na kifi. A kauce wa yaji da tsami da abinci mai zafi, don suna ƙona mikin. A share masa hanci kafin a fara. Ɗura kuwa, irin wadda ake toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu, haɗari ce babba ga mai tari, domin abincin yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Haƙuri da cokali ya fi.

Bakin kansa sai an yi masa hidima. A tafasa ruwa a bar shi ya huce, a sa ɗan gishiri gwargwadon abin da yatsu biyu za su ɗauka a kofi guda, a naɗe tsumma mai tsabta a yatsa a goge dasashi da harshe da cikin kunci a hankali, aƙalla sau huɗu a yini. Babban yaro ya kurkure da kansa. Leɓen da ya tsage a shafa masa man kaɗanya ko basilin. In miki ya fito, akwai shuɗin maganin nan da ake kira GV, wanda ma'aikacin lafiya zai ba da mai rabin ƙarfi ya kuma nuna yadda ake shafawa. Toka, da kanwa, da garin magani da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba su da wuri a bakin da ya riga ya tsage.

Ruwa ma haka. Zazzaɓi da gudawa suna tsotse jikin yaro cikin sa'o'i kaɗan, alamar kuwa ita ce idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, baki ya bushe. Ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a narka shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi da cokali bayan kowane zawo, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Tare da shi akan ba da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Don zazzaɓi farasitamol ya isa, bisa awon da ya dace da nauyin yaron. Kada a ba shi asfirin, domin ga yaro mai irin wannan ciwo yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Kafso da alluran da mai kemis yakan jera wa uwa ba su taɓa ƙwayar ƙyanda ko kaɗan, tun da ita bairas ce. Amfaninsu sai in wata cuta ta hau kai, kamar ta huhu ko ta kunne, likita ne kuwa zai faɗi haka. Kuma tun da zazzaɓin sauro ba ya jiran ƙyanda ta gama, ya kyautu a gwada jinin yaron a gani.

Abu guda da za a iya kira maganin ƙyanda, in ana son a sassauta magana, shi ne bitamin A. Cutar tana ƙone ɗan abin da jikin yaro ya tara na wannan sinadari, shi ne kuwa ke kiyaye fatar ido da ta hanji da ta hanyar numfashi. Tun a 1932 wani likita a Landan, Ellison, ya lura cewa yaran da aka ba su shi sun fi tsira, amma maganar ta kwanta shekaru da yawa, sai da wani bincike da aka buga a 1990 daga Afirka ta Kudu ya nuna cewa ya rage mace-macen yaran da aka kwantar da ƙyanda da fiye da rabi. Ƙa'idar yau ita ce kowane yaro mai ƙyanda a ba shi sau biyu, ranar da aka gane ciwon da kashegari, ko da ya sha a kwanan baya. Ɗan ƙasa da wata 6 awo 50,000, ɗan wata 6 zuwa 11 awo 100,000, wanda shi ne shuɗin kafso, ɗan shekara ɗaya zuwa sama awo 200,000, watau ja. In ido ya riga ya taɓu akan ƙara na uku bayan 'yan makonni. Ma'aikacin lafiya ne ke ba da shi, ba a saya a yi ta ɗura wa yaro, domin yawansa guba ne. Uwar da aka sallame ta daga asibiti ba a ɗiga wa ɗanta wannan kafso ba, tana da hakkin ta tambaya.

Batun ido ba ƙarami ba ne. Makafi da yawa da ake gani a garuruwan ƙasar nan da idonsu aka haife su, ƙyanda ce ta tafi da shi suna ƙanana. Yaro yakan runtse ido kwana da kwanaki saboda haske, a bar shi a haka, ran da ya buɗe a tarar hakiya ta rufe baƙin. Don haka kullum a buɗe idon a duba, a goge kwantsa da auduga ko tsumma da dafaffen ruwa, kowane ido da nasa. In kwantsar ta zama mugunya akwai man ido na asibiti. In kuwa baƙin idon ya yi hazo, ko ya bushe, ko yaron ya fara dundumi, wannan na gaggawa ne a ranar. Ruwan ganye, da tozali, da ruwan sukari, da maganin ɗigawa na kemis wanda ba likita ya rubuta ba, sun makantar da idanun da ƙyanda kaɗai da ta bar su.

Akwai al'adun jinya da aka gada waɗanda ya kamata a auna su da adalci. Killace mai ƙyanda a ɗaki da hana baƙi shiga daidai ne, kakanni sun riga likitoci a nan. Inda aka kuskure shi ne toshe taga da hura wuta da lulluɓe yaro da barguna wai don ƙuraje su fito duka, alhali hayaƙi yana ƙara wa huhu wahala, zafi kuma yana iya kai shi ga jijjiga. Hana wanka ba shi da tushe; goge jiki da ruwa mai ɗumi yana sauke zazzaɓi yana kuma hana fatar da ke saɓa yin gyambo. Hana ƙwai da nama da madara kuwa hana yaro abin da zai gina jikinsa ne a ranar da ya fi bukata. Mafi tsada a cikinsu shi ne zancen cewa ba a kai mai ƙyanda asibiti, wai allura tana mai da ƙuraje ciki. Ƙuraje ba su komawa ko'ina. Haka nan kiran wanzami ya cire belu saboda tari ya ƙi tsayawa, yanka ne a cikin bakin da ya riga ya kumbura, ga yaron da jininsa ba shi da ƙarfin yaƙi.

Alamun da ke cewa a tashi yanzu, ko da tsakar dare ne, ya kamata kowane uba ya san su, tun da sau da yawa shi ne mai ba da izini da kuɗin mota. Na farko numfashi. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa cikin minti ɗaya cur: in ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, huhu ya taɓu. In ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki lokacin da ya ja iska, ko ana jin wani ƙara mai kaushi daga maƙogwaro, abin ya yi tsanani. Sauran su ne yaro ya kasa sha ko kama nono, ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga, ya yi jijjiga, ya yi barcin da ba a iya tashe shi, ko kunne ya fara zubar da ruwa. Zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana huɗu da fitowar ƙuraje, ko ya sauka ya dawo, shi ma alama ce cewa wani abu ya hau kai. Wajen yaro ɗaya cikin 1,000 cutar takan taɓa ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi bayan annobar 2003 zuwa 2005 ya nuna abin da nisa da asibiti yake jawowa: a wata unguwa ta Yamai da wata ta Njamena, wajen 4 zuwa 5 cikin 100 na ƙananan yaran da suka kamu ne suka rasu, a gundumar Dong ta karkarar Jihar Adamawa kuwa abin ya kai kimanin ɗaya cikin goma.

Duk wannan wahala allura biyu ne ke kawar da ita, kyauta a asibitocin gwamnati. Ta farko a wata 9, tana kare kimanin yara 85 cikin 100. Ta biyu a wata 15, wadda Nijeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2019 da 2020, don ta kamo waɗanda ta farko ba ta kama su ba. Uwaye da yawa har yanzu suna ɗauka cewa allurar wata tara ita ce ta sallama, a naɗe kati a jefa a ƙasan akwati. A ciro shi a duba. Mura ko 'yar gudawa ba su hana a yi wa yaro allurar, ramammen yaro kuwa shi ya fi kowa bukatarta.

Ran da ƙuraje suka bushe ba ranar sallamar jinya ba ce. Wani bincike da aka buga a 2019, a kan yara 77 na ƙasar Holan da ba a yi musu rigakafi ba, ya nuna cewa ƙyanda tana goge daga kashi 11 har zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da jikin yaro ya riga ya tara game da wasu cututtuka, watau tana sa jiki ya manta abokan gaban da ya taɓa kayarwa. Wannan ne ya sa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi watanni yana faɗawa daga wannan ciwo zuwa wancan, tarin fuka da ke kwance ma yakan farka. A ƙara masa abinci sau ɗaya a kan na kullum har sai ya mai da nauyinsa, a yawaita zogale da alayyafo da kabewa da karas da mangwaro da hanta da manja, a kuma kai shi awo.

Bakin kuma a ci gaba da buɗe shi ana dubawa har makonni bayan warkewa. Akwai wata cuta da ake kira noma, wadda ta fi kama ramammun yara 'yan shekara 2 zuwa 6, sau da yawa a bayan ƙyanda. Takan fara da ɗan miki a dasashi mai zubar da jini in an taɓa, da wari mai ƙarfi daga baki, da yawan dalala. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, wani baƙin tabo ya bayyana a waje, naman ya mutu ya zube ya bar rami har ƙashi. In ba a yi magani ba tana kashe kusan 9 cikin 10. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka buɗe a 1999 musamman don yaran da ta ɓata wa fuska, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Gyaran fuskar yakan ɗauki tiyata bayan tiyata, shekara da shekaru. A matakin dasashi da wari kuwa, kafin kunci ya kumbura, wankin baki da abinci da maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki daga asibiti mafi kusa suna tsai da ita.